Kwarmin Igiyar Rijiya

Shekara goma sha huɗu na yi a shagon Baba a Kankiya, muna aiki da injin nan da ke juya ƙarfe kana bin sa da wuƙa kana sassaƙewa. Komai ya sakar mini, ban da kwarmi mai lanƙwasa. Shi wannan hannu biyu yake so lokaci guda, ɗaya na tura wuƙar ciki, ɗaya na jan ta gefe, in wani ya riga wani ka ɓata ƙarfe. Har na yi 'ya'ya uku yana ce mini da saura. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Wata bazara wani Bafillatani ya zo daga Kaikai da gargaren rijiyarsu, ƙarfen nan mai kamar faifai da igiyar guga ke bi ta kansa. Wani gwani a Kusada ya yanka masa kwarmi mai kaifi irin na bel ɗin injin niƙa, ya cinye masa igiya uku. Shanu na can bakin rijiya suna jira. Ya ce Baba kaɗai zai taɓa shi, ya wuce kasuwa sayen igiya.

Baba ya ɗaura gargaren, ya wasa wuƙa, ya fara. Ina tsaye ina kallon hannunsa na hagu yana rawa. Wuƙar ta yi ƙara, ta bar hawa-hawa a jikin ƙarfen. Ya goge tabarau ya sake, duk ɗaya. Naman ƙarfen da ya rage bai kai kaurin yatsa ba, kuskure ɗaya gargaren ya tashi aiki. Sai ya kashe injin ya ce zai je alwala, alhali ko sha ɗaya ba ta yi ba.

Na tada injin na yanka. Ban ma sha wata wahala ba.

Da mutumin ya dawo ya bi kwarmin da babban yatsa, ya ɗora igiyar, ta kwanta luf. Ya juya wajen Baba da ke zaune a kan benci.

"Malam, hannunka bai tsufa ba."

"Ba ni na yi ba," in ji Baba, ya nuna ni. "Daga yau shi za ka riƙa nema."

Na daɗe ina jiran wannan maganar, kuma wallahi ban ji daɗinta ba. Washegari da safe Baba ya aiko ƙanwata da mukullin shago.