Ranar da Baba Sito Ya Hana Goggo Shiga Gida

Shekarun Goggo sittin da huɗu, arba'in da ɗaya daga ciki ta yi su ne a gidan mutum ɗaya, wanda unguwa ke kira Baba Sito. Ɗinki ne sana'arta. Kekenta na gindin tagar falo, a hawa na biyu na wani gidan haya mai ɗaki biyu da kicin, inda suka shekara ashirin da bakwai. Yanzu ido ya yi rauni, ba ta karɓar sabon ɗinki sai gyara: rage ƙugu, sauya zif, facin gwiwar wandon makaranta.

Mijin ya samo sunansa ne daga aikinsa. Shekara talatin yana riƙe da makullan sito a wani kamfanin kayan gini, kuma ko ƙusa ba ta taɓa fita ba sai da takarda mai sa hannu. Shekara uku da suka wuce mantuwa ta fara kama shi. Sunayen jikoki ne suka fara gudu, sai hanyar masallaci, daga baya har Goggo takan zame masa baƙuwa na ɗan lokaci. Ita ke yi masa wanka, ita ke gyara masa gemu, ita ke ba shi magani safe da yamma.

Babban ɗansu, da suke kira Babba, ya daɗe yana so ya kwashe su zuwa gidansa a can ƙarshen gari. Goggo ta ƙi. A nan, in ji ta, ƙafar Malam, kamar yadda take kiran mijin, ta san hanyar banɗaki ko da kansa ya manta; a sabon wuri zai ɓace tsakanin ɗaki da falo. Amma tun ranar da tsohon ya sulale ya yini a tashar mota, Babba ya kafa sharaɗi: in aka sake samun wani abu, magana ta ƙare, tashi za su yi. Duk Asabar da ƙarfe huɗu yakan zo ya duba su.

Wata Asabar da misalin ƙarfe biyu, maganin hawan jinin Malam ya ƙare. Goggo ta ga yana barci, ta kashe gas, ta kulle ƙofa ta waje, ta sauka zuwa kyamis. Ba ta kai minti ashirin ba. Da ta dawo ta zura makullinta, ya ƙi shiga. Tsohon ya farka, ya tono ɗaya makullin a gwangwanin maɓallai inda ta ɓoye shi, ya sa a kuba ta ciki, ya karkata shi gefe kamar yadda yake yi a wurin aiki don kada wani ya turo shi ta waje.

Ta ƙwanƙwasa a hankali. "Malam, ni ce. Buɗe mini."

"Sito a rufe yake," in ji murya daga ciki. "Ki zo da takarda."

"Wace takarda kuma? Matarka ce fa."

"Ko matar manaja ce ke."

Matar direba, maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa, ta fito da kumfar wanki a hannu. Ta ce a kira Babba.

"Rufa mini asiri, 'yar nan," in ji Goggo. "Kira mini mai makulli na bakin kasuwa."

Sai da ƙarfe uku ta kusa ya iso, mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar, da tsohuwar jaka a kafaɗa. Bai ajiye jakar ba sai da ya tambayi wanda zai shaida cewa gidan nata ne, don shi ba ya buɗe wa mutum ƙofa a kan maganar bakinsa kawai.

"Tun kana tallan kwaɗo a tire take gidan nan," in ji matar direba.

"To, shaida ta yi, har da ƙari."

Ya durƙusa ya haska ramin kubar da tocila. Ya ce hanya biyu ce. Ko ya huda kubar da inji, aikin minti biyar, amma da ƙara, kuma ƙofar za ta fito da tabo. Ko kuma ya kama bakin makullin ta waje da wata siririyar filaya ya murɗa shi, in Allah ya sa ya kamu. Goggo ta tuna yadda Malam ke firgita ko da murfin tukunya ya faɗi, ta kuma tuna idon Babba, wanda ba ya wuce tabo bai gani ba. Ta ce a bi ta biyun.

Filayar ta kama a gwaji na uku. Ya murɗa, makulli ya ƙi motsi. Ya sake, har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Mama, akwai hannu a kan makullin nan," ya ce. "Kuma hannun ya san aikinsa."

Goggo ta zauna a kan matakala da ledar magani a cinya. Uku da kwata ta yi. Tana jin numfashin mijinta ta jikin katako, taku ɗaya tsakaninsu. Sai ta ce wa matar direba ta samo mata takarda da biro. Aka yago mata shafi daga littafin lissafin yara. Ta rubuta da manyan baƙaƙe: A ba mai wannan takarda buhun siminti biyu. Ta tura ta ƙarƙashin ƙofa.

"Ga takardar, ranka ya daɗe."

Ta san bai taɓa karanta takardar aiki babu tabarau ba, ta kuma san tabaran na can kan durowar gefen gado. Suka ji an ɗauki takardar. Suka ji jan silifa yana nisa. Mai makulli ya murɗa, kuba ta yi ƙas, ƙofa ta buɗe.

Sun same shi tsaye a tsakiyar falo, tabarau a kan hanci, yana nazarin shafin.

"Babu sa hannu," ya ce. Sai ya ɗago ya gan ta, fuskarsa ta saki. "Ina kika shiga tun ɗazu? Na yi ta nemanki."

"Ga ni, Malam. Magani na sayo maka."

Da ya tambaya ko wane ne baƙon, mai makulli ya rusuna ya ce daga ofis aka turo shi duba makullai, kuma bai taɓa ganin sito mai tsaro irin wannan ba. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce haka ake aiki.

A bakin matakala mai makulli ya rage murya. "Yau mun yi sa'a, Mama, yana tsaye da ƙafarsa. Da faɗuwa ya yi a ciki fa?"

Ta biya shi kuɗin aikinsa, ta koma ciki.

Babba ya iso huɗu da minti goma. Ƙofa lafiya lau, ko ƙwarzane babu, matar direba kuma ta yi alkawarin kama bakinta. Goggo ta bari ya gama gaisawa da mahaifinsa, ta kira shi kicin, ta faɗa masa komai, har da buhun siminti biyu. Bai yi dariya ba.

"Goggo, kin san yadda muka yi da ke."

"Na sani. Shi ya sa ka ji daga bakina."

Sun fi awa ɗaya a kicin ɗin. Abin da suka tsayar shi ne, ba za a tashi yanzu ba. Za a sa sabuwar kuba wadda ake iya buɗewa ta waje ko da makulli a ciki, Babba zai riƙa kwana a falo sau biyu a mako, kuma bayan wata uku za su sake zama. Goggo ba ta ce ta yi nasara ba. Ta ce dai an ɗaga mata ƙafa.

An sa kubar ranar Litinin. Washegari Talata ta bar Malam da matar direba, ta taka har bakin kasuwa, ta sa aka yanka mata makulli uku. Ta ba maƙwabciyar ɗaya, ta aika wa Babba ɗaya a ambulan, na ukun ta zura masa zare ta rataya a wuya.