Saƙon da Ban Tsaya Jin Amsarsa Ba

Akwai wata Asabar a Onitsha da har yau ban manta da ita ba, kuma duk sabon ma'aikacin da aka haɗa ni da shi sai ya ji labarinta. Lokacin ina shekara ta biyu a wani ɗan kamfani mai raba wa 'yan kasuwa intanet, ina matakin ƙaramin mai gyara. Shugabata Injiniya Binta ce, haifaffiyar Inugu, wadda in ranta ya ɓaci bakinta ke juyewa Ibo. Ita tana ofishinmu na Inugu, ni kuma aka bar mini unguwar Hausawa da kewayen Kasuwar Relief.

Bari in yi wa wanda ba ɗan sana'a ba bayani. Akwatin da muke kafawa a gidan mutum 'yar kwamfuta ce. A cikinta akwai uban tafiya da muke kira kenel, shi kaɗai ke da ikon taɓa hanyoyin sadarwa. Sauran manhajoji sai dai su aika masa saƙo: buɗe ƙofa kaza, sa mata adireshi kaza, bi da kaya ta hanya kaza. Kowane saƙo da lambarsa, kenel kuma yana maido amsa da wannan lambar, ko ya ce an yi, ko ya faɗi dalilin ƙi.

Ni na rubuta 'yar manhajar da ke aika saƙonnin nan da kanta duk sanda akwati ya tashi. Na gwada ta a akwatin gidan Alhaji Mudi dillalin albasa, ta yi lafiya lau. Ina ji da ita kamar wasiƙar masoyi. Dama ni ɗan wasiƙa ne, littattafan soyayya na bakin kasuwa su suka raine ni. Mako uku kafin wannan Asabar na miƙa wa Zainab, 'yar Alhajin, wasiƙa mai shafi huɗu da furen da na zana da jan biro, na ɗare okada na gudu. Tun daga ranar nake kauce wa layinsu.

A wannan Asabar za a ɗaura auren Nura, ɗan Alhaji na fari, a Kano da ƙarfe sha ɗaya na safe. Likita ya hana Alhaji tafiya saboda gwiwa. Aka shirya zai kalli komai a talabijin ɗin falonsa ta kiran bidiyo, gidan kuwa benaye sun rufe shi, waya ba ta kama sabis ɗin kirki. Da goma da rabi aka ɗauke wuta, aka tada janareta, akwati ya tashi, intanet ta ƙi. Zainab ce da kanta ta kira ni.

Na faɗa falon da gudu na nufi akwati. Alhaji na zaune cikin babbar riga, ƙafa a miƙe kan filo, da amininsa Malam Isa mai canji.

"Kai! Koma waje," in ji Alhaji.

"Baba, saura minti ashirin."

"Ko saura minti ɗaya ne. Ka yi sallama a amsa, ka gaishe mu, sannan buƙata ta biyo."

Na koma na yi sallama, na jira aka amsa, na durƙusa. Ina kwana, ya gwiwa, ya taro, ya kasuwa. Malam Isa na dariya yana cewa, "Ka manta ba ka tambayi albasa ba, ɗan intanet."

Na jona kwamfutata. Manhajata ta nuna ta aika saƙonni uku cif, amma shiru. Na sake tada ta, shiru. Gumi ya jiƙa mini riga. Na kira Injiniya Binta, na sa wayar a sifika saboda hannuwana na aiki.

"Kamal, me kenel ya ce maka?"

"Anti, bai ce komai ba."

"Bai ce ba, ko ba ka tsaya ka ji ba? Chineke! Ka aika saƙo ka rufe kafar sauraro ka gudu? Sa manhajar ta karanta amsa!"

Gaskiyarta. Ban rubuta ko layi ɗaya na sauraro ba. Na ƙara, na sake aikawa, sai ga amsa: saƙo na ɗaya, an ƙi, babu yadda za a kai can. Nan take na gane. Na fara da roƙon hanya tun ba a buɗe ƙofa ba, tun ba a sa adireshi ba. Ranar gwaji ƙofar a buɗe take da adireshinta, shi ya sa aka karɓe ni. Ɗauke wuta ya shafe komai, manhajata ta faɗa wa kenel yadda na faɗa wa Alhaji.

Na sake jeri: ƙofa, adireshi, hanya, kowanne sai an amsa kafin na gaba. An yi. An yi. An yi. Saura minti huɗu fuskar Nura ta cika talabijin, hula a karkace, yana ihu, "Baba, kana ganina?"

"Ina ganinka, gyara hularka!" Alhaji ya ce.

Aka ɗaura, muka shafa fatiha tare da mutanen Kano, guɗa ta tashi daga cikin gida har maƙwabta Ibo suka leƙo. Alhaji ya share ido da hannun riga ya ce janareta ne ke masa hayaƙi.

Ina naɗe wayoyina a bakin ƙofa sai ga Zainab da farantin dabino.

"Na ji abin da Anti Binta ta ce. Ashe ba ni kaɗai ake yi wa haka ba."

Ta zaro takarda daga gefen mayafi, duk ta yi laushi don naɗewa. A ranar da na ba ta tawa ta rubuta, mako uku tana yawo da ita. Ƙafata ta so okada, na hana ta. A tsaye na karanta. Layi biyu ne kacal, sun fi shafina huɗu.

Daga falo Alhaji ya ɗaga murya, "Kamalu, in ka gama karatun, ka turo manyanka. Su ma su fara da sallama."

Shi ya sa duk wanda ya kawo mini manhaja a ofishin nan, ba na fara duba abin da take aikawa. Wurin da take tsayawa ta saurara nake nema. Kenel bai taɓa yi mini rowar amsa ba, mutane ma haka. Takardar tana nan a jakar aikina, mai ita kuma tana gida, har yau in na fita da sauri sai ta ce, "Tsaya ka ji amsa tukuna."