Allurar Magaji Mai Albarka

Tun kafin a yanke Kebbi daga Sakkwato Magaji ke yi wa mutanen Maiyama allura. Iyakar karatunsa, ya taɓa yin shara a wani ɗakin shan magani a Jega, ya ga yadda ake soka ta. Allurarsa guda ce tal, cikin gwangwanin madara take kwana, kuma yana yi mata kirari da cewa ta san jinin kowane gida. Manoman albasa sun fi son ta da sabuwa, don a ganinsu allurar da ba ta da zafi ba ta korar masassara.

Da aka gwada Salima 'yar maƙwabcinsa a asibiti aka same ta da ƙanjamau, Magaji ya fi kowa ɗaukar zafi. Yarinyar ba ta kai sha huɗu ba, ko talla ba ta zuwa, iyayenta kuma an gwada su lafiya lau.

"Ɗiyan zamanin ga sai addu'a!" in ji shi ga masu jira a ƙofarsa. "Wanga ciwo ba ya kama mai kamun kai. Duk damina ni ka yi mata allura, ban taɓa zaton haka take ba."

Aka yi ta salati. Magaji ya zare allurar daga jikin wani baƙo, ya goge ta da bakin rigarsa har ta yi ƙyalli.

"Miƙo jaririn nan, Hajiya," ya ce. "Tun suna ƙanana ake kare su."