Kwanon da Yaya Haruna Bai Raba Ba

Damina bakwai ke nan da muka kai yayana Haruna makwancinsa a Karakkai. Ni ba marubuciya ba ce, a ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro bayan na aurar da 'ya, to a yi haƙuri da rubutun. Abu ɗaya nake so in ajiye game da shi kafin ni ma a kira ni.

Ɗana na uku, Bashiru, yana kabu-kabu a Sabon Garin Gusau lokacin da ya faɗa shaye-shaye. Da maganin tari ya fara, aka koma ƙwaya. An yi faɗa, an yi duka, an sha rubutu. Da abin ya ishi mahaifinsu sai ya ce a raba masa kwano. A gidanmu maza tire ɗaya suke ci tun suna yara. Daga ranar sai a zuba nasa daban a ajiye bakin zaure. Wanda bai tashi cikin irin gidanmu ba zai ce wannan ƙaramin hukunci ne. Bashiru ya faɗa mini daga baya cewa duka bai taɓa yi masa ciwo kamar jin dariyar 'yan'uwansa a kan tire ba.

Yaya ya shigo gari sayen taki, ya ga kwanon a zaure.

"Na wane ne wanga?"

Na ce na Bashiru ne.

"Rabi, ki haɗa mai kayanai. Ina da gona, ina da akushi."

Manomi ne, karatunsa bai wuce na allo ba. Ya fara kai shi asibiti, ya riƙa karɓo masa magani, don ya ce jiki ma yana da haƙƙinsa. Wa'azi kuwa bai yi masa ba. Abin da ya yi, in an kawo tuwo sai ya wanke hannu, ya tura wa Bashiru ruwan, ya ce bismillah a bayyane, ya jira. Ba ya kai loma sai yaron ya sa hannu.

Akwai ranar da Bashiru ya gudu Tsafe wajen tsofaffin abokansa. Ya dawo washegari da hantsi, ido jajur, yana jiran a kore shi. Ya tarar da tuwon jiya a rufe, ba a taɓa ba.

"Ka sa tsoho ya kwana da yunwa," in ji Yaya. "Zo mu ci ɗumame."

Bashiru ya ce a kan ɗumamen nan ya yi kukan da ya daɗe yana riƙewa. Bismillar cin abinci ita ce ambaton Allah na farko da ya dawo bakinsa. Salla ta biyo baya, a hankali, yau a yi gobe a makara, har ta zauna.

Da Yaya ya rasu, ina kukan ɗan'uwa, amma tsorona yana kan Bashiru. Wa zai jira shi kuma? Ranar sadakar uku aka fito da abinci, ina leƙe ta ƙofar ɗaki. Bashiru ya koma gindin rumbu shi kaɗai ya sunkuyar da kai. Mahaifinsu ya dube shi, ya dubi tire, ya janye hannunsa.

"Kai Bashiru, sai tuwon ya huce?"

Ya taso. Yayyensa suka matsa.

Yau in na bi ta tasha na ga samari suna layin maye da rana tsaka, kamar 'ya'yan da ba su da kowa, sai in tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin ba zai ce komai ba. Zai tambaya ne ko ina kwanonsu yake.

Bai bar dukiya ba, gonar ma an raba. Bashiru yana noma gonar haya a Bungudu, da mata da 'ya'ya biyu, kuma har yau yakan ce shi mai jinya ne, a ci gaba da sa shi a addu'a. Da na je wancan watan na tarar da wani saurayi baƙo a zaurensa, ido jajur. Aka kawo tuwo. Bashiru ya wanke hannu, ya tura masa ruwan, ya yi bismillah, ya zauna yana jira.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya ciyar da shi a inda ba a raba kwano.