Shuɗin Da Ya Burge Alhaji

Ina tsaye a falon wani Alhaji a GRA, na jera zane-zanena da na ɗauko a keke daga Gwallaga. An ce yana neman gwanin fenti, har na faɗa wa Umma arziki ya zo.

Alhaji ya daɗe yana kallon zanen duwatsun Tirwun da na yi wata biyu a kansa.

Ya ce, "Samari, shuɗin sararin samaniyar nan ya burge ni."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Irinsa nake so a katangar gidan nan, ciki da waje."

Na shafe masa ita tas. Yanzu aikina mafi girma yana bakin titi, har maigadi ya yaba.

Masu zane, ku ma haka ake karrama ku?