Basira da Waken da Ƙwari Ba Su Ci Ba

Duk unguwarmu a Potiskum babu wanda bai san Basira mai ƙosai ba, kuma babu wanda bai san dokarta ba: ba ta sayen wake sai mai huji. In ta shiga kasuwar hatsi sai ta cusa hannu cikin buhu tana neman ƙwaro. In ta ga yana motsi ta washe baki, wai abin da bai kashe ƙwaro ba ba zai kashe mata yaran unguwa ba. Mun yi mata dariya har mun gaji.

Wannan doka ce ta haɗa ta da ƙanenta Bakari, manomi a Gadaka. Bana ya aiko mata da buhu guda kyauta, fari tas, ko huji ɗaya babu. Ta ture shi bayan ƙofa, ta aika masa cewa ba ta soya guba. Bakari ya ji zafi, ya daina kiranta. Ita ma abin ya dame ta, amma Basira ce, taurin kai kamar dutsen niƙa.

Ana haka 'yarta Raudatu, mai karatun sinadarai a jami'a, ta zo hutu da wata 'yar kwalba. Ta ce ɓawon lemo suka dafa a ɗakin gwaji har ya koma ƙwayoyin da ido ba ya gani, su ne a ruwan da ke cikin kwalbar. In an haska su da wata tocila sai ruwan ya yi ƙyalli shuɗi, in ya haɗu da maganin ƙwari kuwa ƙyallin ya dushe.

"Ɓawon lemo? Wanda nake zuba wa akuya?" in ji Basira.

"Shi fa, Inna. Kawo waken Kawu."

Suka jiƙa shi, suka rufe ƙofa da taga da rana tsaka, ni ma ina ciki don gulma. Raudatu ta ɗiga ruwan waken a kwalbar ta haska. Kwalba ta ci gaba da ƙyalli abinta.

"Gwajin farko ne, amma ban ga alamar magani ba," ta ce. "Kin ga buhun? Leda biyu ne a ciki, rashin iska ke kashe ƙwarin."

Basira ta leƙa cikin buhun. Kunya ta kama ta, daɗi kuma ya fi kunyar. Ta fizge wayar Raudatu ta kira Gadaka.

"Bakari, ni ce. An gwada wakenka, babu guba."

Sai muka ji muryarsa yana cewa: "Yaya, ai da ke zan fara cuta?"