Rumbun Kawu Isuhu

Duk wanda ya san Kawu Isuhu ya san ba ya kunna ordinatar, wato kwamfuta, sai ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya kara kunne, yadda ake jin cikar rumbu. Shi ke riƙe da serbar ƙungiyar makiyaya a Tanout, injin haya da ke wata ƙasa, inda ake aje saƙonnin murya kan rijiyar da ta ƙafe da dabbar da ta ɓace. Shi dai rumbu yake ce mata.

Kuma ya rantse ba za a ƙara mata girma ba. "Wanda bai cika ba ake ƙara wa?" In wuri ya matse, sai ya zauna yana yanke gaisuwa daga saƙonni. Ardo Bammo, shugaban makiyayan Tenhya, ya zo har gida.

"Isuhu, ina 'ina kwana' da na yi wa jama'a?"

"Na karɓa a madadinsu, Ardo. Lafiya lau suke."

Kai, Kawu!

Rannan cikin bazara rumbu ya cika maƙil. Ardo ya kira yana haki: rijiyar arewa ta ƙafe, garkuna sun kama hanyarta, saƙonsa kuma ya ƙi shiga. Idan suka isa ba ruwa, maruƙa ba za su iya dawowa ba.

"Kawu, ka ƙara girman diskin mana!" na ce, ina tsaye a bayansa.

"Ƴata, sai na kwafe hatsina tukuna. Ba a taɓa rumbu da hatsi a ciki."

Ya shiga kwafe saƙonnin zuwa ordinatar, rezon intanet kuwa na zuwa yana tafiya. Ina kallon inuwar bishiyar bedi tana janyewa daga ƙofa, ina jin kamar ƙarar kofatai a kunnena. Da kwafin ya ƙare, ya yi bismilla, ya rufe ido, ya danna ƙari. Muka duba. Rumbu cike yake yadda yake!

"Sun cuce ni! Na san za a yi haka!"

Wayar Ardo ta sake shigowa, Kawu bai ɗauka ba. Zufa na ɗiga daga gemunsa. Can sai ya dafe kai, ya ce wa kansa:

"Isuhu sakarai! Ka sayi gonar maƙwabci, ba ka matsar da shinge ba."

Ashe an ba shi filin, saura ya umarci injin ya shiga ciki. Ya rubuta umarnin da yatsa ɗaya. Saƙon Ardo ya faɗo, ya bazu cikin wayoyi. Kafin la'asar aka ce garkuna sun juya.

Kawu ya saurari saƙon. Rabinsa gaisuwa ce.

"Kin ji ko? Wurin da na saya ke nan yake ci!"

Amma bai yanke ba, kuma bai sake yanke ta kowa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Isuhu. Ya yalwata masa kabarinsa, yalwar da ba sai ya roƙa ba, mala'iku su gaishe shi doguwar gaisuwa. Amin.